Burul da Cikin Mijinta

Burul ta tashi ne a tsaunukan Narin, inda ake kafa tanti a bi dawaki kiwo in ƙanƙara ta narke. Tun tana ƙarama ta iya tatsar goɗiya, ta juye nonon a salka mai ƙamshin hayaƙi, ta yi ta burga shi har ya yi tsami ya zama kimis.

Da ta auri Saginbek, direban babbar mota, sai ta tarar ɗanyar madara ba ta zama a cikinsa. Yana shan shayi da madara cikin zai hau ƙugi, ya zari buta ya yi bayan tanti. Ƙannenta har suna suka laƙa masa, wai Sarkin Gudu.

"Wai kai wane irin jikan makiyaya ne?" ta ce masa wata safiya, tana danne dariya.

"Ki bar ni da abin da ya ishe ni, Burul. Cikin nan ya raina ni."

Ta lura kuwa in kimis ya sha ko kindirmo, lafiya lau yake wuni. Sai ta daina sa masa madara a shayi. In zai yi tafiya, ta ɗaure masa burodi, dafaffen naman rago da ƙwallayen busasshen cuku mai gishiri. Mutum ya murmure, har tumbinsa ya fara gogar sitiyari.

'Yarsu Nurzada ta karanci aikin jinya a birnin Bishkek. Da ta zo hutu ta ce, "Inna, ai akwai wani sukari a madara. Hanjin Baba ne ba ya fitar da isasshen sinadarin da ke narkar da shi. In nono ya yi tsami, wasu ƙananan halittu sun riga sun cinye kaso mai yawa."

Burul ta tafa hannu. "Ashe tauna masa suke yi! Tsoho, ka ji? Shekara da shekaru ana yi maka hidima, ko sannu ba ka ce ba."

"To, a gaishe su," in ji Saginbek, ya miƙa ƙoƙo a ƙara masa kimis.

Yanzu gwiwoyinta sun ƙi tsuguno, matar ɗanta ke tatsa. Haƙoran ma sun zube, sai ta jiƙa cuku a ruwan zafi kafin ta ci. Amma duk shekara ita ke fara shiga motar da za ta kai su tsauni wurin kiwo, ta kame kujerar gaba, tana yi wa kowa faɗa wai sun cika jinkiri.