Maganin Sin a Ɗakin Surukina

Da tire a ka na fara kasuwanci, ina bin kasuwannin Dutsin-Ma da Kurfi da allura da sabulu da turare. Bayan samun 'yancin kai na ƙara da wani magani da nake sarowa a kantin wani Balarabe a Kano. Daga ƙasar Sin ake kawo shi: busassun saiwoyi da ɓawon lemo, a ƙunshe cikin jar takarda mai rubutun da ba wanda ke iya karantawa. Dafa shi ake yi a sha don kumburin ciki da kasala. Mutanenmu sabara suka sani, ba wannan ba, don haka na koyi dabara. Duk wanda ya yi tantama, sai in kurɓa a gabansa in yi gyatsa mai ƙarfi. Gyatsar nan ita ke sayar da shi.

Wata damina aka aiko daga Kurfi cewa surukina ba lafiya. Ko fura ba ta zama a cikinsa, ya rame, ya daina bin shanunsa. Bafulatani ne mai tsananin kunya. Tun da na auri ɗiyarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, balle in ci ko in sha a inda yake.

Na ɗaure ƙunshi biyu a bayan keke na tafi. Mahaifiyarsa, kakar matata, ita ta dafa. Abokiyar wasata ce, angonta take kirana.

"Angona, wannan wari fa? Kashe mini ɗa za ka yi ka gaji shanu?"

"Haba amarya, in na kashe shi wa zai ɗaura mana aure?"

Ta ɗauki ƙwarya, na bi ta, na tuɓe takalma na durƙusa a bakin ƙofa. Yana kwance a tabarma, liman na zaune gefensa. Ya shinshina maganin ya ture. Bai dube ni ba, sai ya yi wa liman magana.

"Malam, abin da ban san itacensa ba, ba ya shiga cikina."

Maganar da nake ji ke nan kowace ranar kasuwa. Hannuna ya riga hankalina. Na jawo ƙwaryar na kafa kai, na sauke, na saki gyatsa irin wadda ake ji daga rumfar mahauta.

Liman ya sunkuya yana jan carbi. Surukina ya jawo mayafi ya rufe fuskarsa, ya juya ga bango.

Tsohuwa ta tafa hannu. "Malam, ka shaida, na fasa auren. Wannan kam, kasuwa ce ta raine shi."

Ba wanda ya yi dariya, kuma ba ƙarya ta yi ba. Na fita da baya, na hau keke. Sai da na yi nisa na lura ba takalmi a ƙafata, ban kuwa koma ba.

Da matata ta je dubiya ta dawo, ta ce ya sha. Wai cewa ya yi, tun da yaron nan ya zubar da mutuncinsa a kan abin, kada a bar shi ya zube a banza. Kafin kaka ya miƙe, ya koma ga shanunsa.

Amma bai sake yarda mun zauna ɗaki ɗaya ba. In na je gaisuwa, daga bayan zana nake durƙusawa, shi kuma ya amsa daga ciki. Haka muka yi har Allah ya karɓi ransa.