Kawu Tanimu da Kyankyasan Mpape

Kun dai san Kawu Tanimu, ba ya taka kyankyaso sai ya durƙusa ya ƙare masa kallo. Shekara da shekaru yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen wata sakandare, ya fito da ilimin da ya addabi Mpape kaf. Ga wani tari yana cin sa, amma lacca ba fashi.

Ranar da Maman Bulus mai shago ta fesa wa kyankyasai fiya-fiya, tana share gawarwaki sai ga shi.

"Nawa suka tsere?"

"Biyu kawai, Oga."

"Madalla! Kin kashe ragwaye, kin ɗaura wa jarumai aure. 'Ya'yansu za su gaji taurin ran, baɗi da maganin naki za su kurkure baki."

Ta yi tsaki. Da shekara ta zagayo kuwa, ta fesa har ta gaji, ko gezau ba su yi ba.

Annoba ta share masa kaji, saura wata mummuna mai sanƙo. Ga baƙi daga Abaji, na ɗauko wuƙa.

"Ke, ajiye! Wadda cuta ta kasa ce za ki yanka? Irinta nake so."

Haka baƙi suka sha miyar kuka lami.

Liman ma ya taɓa tare shi: "Ashe kai ke cewa biri ne kakanmu?"

"Allah gafarta Malam, dangi na nesa na ce. Amma ka ƙare wa mai gidan hayarmu kallo kuwa?"

Da aka gano tarin fuka ne, aka ɗora shi kan maganin wata shida. Wata biyu ya ji dama-dama, sai ya raba sauran da maƙwabcinsa, wani mai fasa dutse. Na yi faɗa har da hawaye.

"Ina jin tarinsa ta bango, in haɗiye ni kaɗai? Ai da kunya."

Ciwon ya dawo. Likita ta fara bayanin cewa ƙwayoyin cutar da suka rage ba sa jin maganin. Kawu ya ɗaga hannu, duk ƙashi.

"Huta, 'yata. Ni na zaɓe su da hannuna." Ya juyo gare ni. "Maza a ɗauko maƙwabcin nan. Shi ma rabin aiki na yi masa."

Mai fasa dutse yana nan da ransa. Kawu bai ga damina ba, kuma har yau ina jin haushinsa, ina kewarsa.

Allah Ka dube shi da idon rahama, Ka karɓi niyyarsa, Ka yafe kuskuren. Amin.