Ranar da Iya Hajjo Ta Shiga Ajinmu

Wata Asabar a watan Safar, shekarar da na shiga sakandare, malamarmu ta tarihi, Abla Nura, ta ce kowace yarinya ta rubuto labarin wata mace da ta yi wa Madina hidima. Na ce gidanmu babu irin wannan. Ta tambaye ni wa ya rene ni, na ce kakata Iya Hajjo, murya can ƙasa, don 'yan ajin sun san ta: baƙar tsohuwar nan mai sayar da gyaɗa a bakin titi, wadda wasu ke kira "Takruniyya", wato baƙuwa daga ƙasar baƙar fata, suna dariya.

A Harra ta Yamma muke a nan Madina, cikin gidan da aka gina da baƙaƙen duwatsun unguwar. Bayan la'asar ni ke ɓarar gyaɗa, Iya Hajjo ta soya ta cikin yashi, mu ƙulla tare. In an kawo dabino daga gonakin Awali, mu tara ƙwallayen mu yi carafke a tsakar gida har a kira magariba. Ina son ta, amma in na hango ta ina tare da ƙawaye sai in sauya hanya. Ta sani, ba ta taɓa tanka mini ba.

Abla Nura ta aika a gayyato Iya ajinmu. Na yi kuka, na roƙi Iya kada ta je. Ta ce, "Ya binti, ƙafar da ta tako daga Haɗeja ba za ta kasa taka ajinku ba."

Ta zo ranar Talata da farin mayafinta, ta yi magana da Larabcinta mai ɗanɗanon Hausa. Ta ba da labarin yadda ita da kakanmu suka tsinci auduga a Sudan shekara da shekaru, yadda ta binne kakanmu a hanya, yadda suka ƙetare teku. A Madina kuma ita da 'yan'uwanta mata suka yi wa alhazai wanki, suka karɓi haihuwa tun asibiti na nesa, suka wanke gawar matan da suka rasu ba dangi kusa. Ta lissafa su: Ladi, Mairo ta Damagaram, Fanna ta Barno. Ta ce, "Ku rubuta sunayensu, ni kaɗai na rage." 'Yan ajin suka duƙufa suna rubutawa.

Washegari Hanan, wadda ta fi kowa yi mini dariya, ta same ni a bakin famfo. Ta ce ta tambayi mahaifiyarta, ashe a hannun Iya aka haife ta. Da aka tashi ta bi ni har bakin titi, ta sunkuya ta sumbaci kan Iya a gaban mutane.

Yau ni ke koyar da tarihi a wata sakandaren 'yan mata a Khalidiyya. Jikokinmu suna jin Hausa, amma da Larabci suke amsawa. Duk shekara ina tura ɗalibaina gida su zauna gaban kakanninsu da takarda, wasu su dawo da shafi uku, wasu su ce ta rasu bara. Allah ya ji ƙan Iya, ya saka wa Abla Nura da alheri, ni dai na yi dace. Tsofaffin suna ƙarewa, kuma ba kowace ce aka tambaya ba.