Fayil Ɗin da Ya Tona Asirin Gwaggo

Shekara ashirin da biyu ta yi tana sakatariya a kamfanin ruwan gora, teburinta a bakin ƙofar manaja. Kowa Gwaggo yake ce mata, har direbobin da suka girme ta. Mace ce mai kame bakinta, shi ya sa duk takardar sirri ta hannunta take bi.

Ranar da sakamakon gwaji ya nuna rijiyar kamfanin ta gurɓace, manaja ya sa ta sake buga rahoton da wasu lambobi. Ta buga, amma ta kwafe na gaskiyar. Kwana uku tana juya maganar a ranta, a na huɗu ta kira ɗan yayanta, ɗan jarida, wanda ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, ta tura masa fayil ɗin rahoton.

"Ka fitar da shi a takarda," in ji ta, "ka shafe sunaye da baƙin alƙalami, sannan ka ɗauki hotonsa. Kada ka saka fayil ɗin kansa a intanet, kwamfuta tana ajiye sunan wanda ya taɓa shi a ɓoye a cikinsa."

Ya yi dariya. "Haba Gwaggo, yau kuma ke ce editana?"

Labari ya fita ranar Juma'a. Litinin da safe manaja ya kira ta. Lauyan kamfani ya juyo mata da kwamfutarsa, ga fayil ɗin kansa a shafin jaridar. Sunayen cikin rahoton duk a rufe suke da baƙi, amma da ya buɗe bayanan fayil ɗin, sai ga cikakken sunanta, da rana, da ƙarfe goma da minti sha huɗu. Babu wanda ya ɗaga murya. Makullin ofis kawai aka karɓa.

A bakin titi ta kira ɗan yayan nata.

"Gwaggo, wata jarida ce ta kusa riga mu. Amma ai hukuma ta rufe rijiyar, kin ceci mutane."

"Mantawa ka yi, ko kana sane ka ƙyale?"

Ta kashe wayar.

Shi an ƙara masa girma a wurin aiki. Ita kuwa ta kama ɗan shago kusa da kotu tana buga wa mutane takardu. Yakan zo gaishe ta. Takan amsa, ta tambayi matarsa da yara, sannan ta ce masa mutane na jiranta.