Saniyar da Kawu ya yanka a hanyar Gando

A shekarata ta biyu a makarantar koyon aikin dabbobi a Dapaong, muna da darasin ɗa'ar aiki. Malaminmu ya ce kowa zai tsaya gaban aji ya yi ekspoze, wato ya kawo abin da ya faru da gaske, inda mutum ya rasa gane daidai da kuskure. Sharaɗi ɗaya ya yi ta nanatawa: a ɓoye mai labarin yadda ko uwarsa ba za ta gane shi ba.

Ni ba mai ƙoƙari ba ne. Faransancina na kasuwa ne, in na buɗe baki sai a fara murmushi. Na so ranar nan a saurare ni, sai na ɗauko sirrin kawuna.

Kawu mahauci ne a zongon Sokodé, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana. Wata rana yana tahowa da shanu daga Gando a kamiyo, wato babbar mota, saniya ɗaya ta faɗi, sauran suka tattake ta. Aka tsaya, ya sa mata wuƙa. Mahauta kan duba ko dabba ta motsa ƙafa ko wutsiya lokacin yanka, in ba ta motsa ba mushe ce. Kawu bai ga motsin ba, bai kuma tabbatar babu ba. Ya sayar da naman. Shekaru abin yana cinsa, ni kaɗai ya faɗa wa.

Na cire sunansa. Amma na bar Sokodé da Gando a cikin labarin, na ce mahaucin yatsu huɗu gare shi a hannun hagu. Ban manta sharaɗin ba, na bar yatsun ne don labarin ya yi daɗi.

Aji ya kaure da gardama, Malam ya ba ni maki mai kyau, ya dai ce na siffanta mutumin da yawa. A bakin ƙofa wani ɗan ajinmu, shi ma ɗan Sokodé, ya dafa kafaɗata.

"Ɗan mahauta, ashe mushe kuke ciyar da mu?"

"Labari ne kawai."

"Labari mai yatsu huɗu? Tsohuwata wajensa take sayen nama tun ban yi wayo ba."

Da na roƙe shi, wataƙila da ya yi shiru. Taya shi dariya na yi.

Da na koma gida hutu, na tarar da naman Kawu rataye har la'asar, mata suna wuce teburinsa kamar ba su taɓa saninsa ba. Sarkin fawa ya riga ya tambaye shi gaban mahauta, bai yi musu ba.

"Kawu, ni ne."

"Na sani, ɗana. Wa kuma na gaya wa?" Ya kori ƙuda da hular hannunsa. "To, me malaman naku suka ce? Saniyar ta halatta?"

"Ba a yanke hukunci ba. Lokaci ya ƙare, aka kira na gaba."

Ya gyaɗa kai.

Kafin damina ya ajiye wuƙa, ya koma Aouda yana noman doya a gonar surukansa. Ina zuwa gaishe shi. Yakan sa a kawo mini abinci, ya tambayi aiki, ya sa mini albarka. In muka rage mu biyu, maganar ruwan sama kaɗai yake yi mini.