Ƙarfen Tahiru Bai Yi Shiru Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na 1958, sanƙarau ya ɗauke ƙanena Tahiru Baƙo, telan bakin kasuwar Filinge. Ina rubuta wannan da hawaye, da kuma fushi, don na ga waɗanda suka cika sahun gaba a jana'izarsa.

Tahiru, su ne suka yi maka dariya shekarar da ka dawo daga lakol, makarantar boko ta Yamai. An ba ka kujerar komi, wato akawu, a ofishin kumandan, ka ce ka gode, ka sayi tsohon keken ɗinki. Baba Kailu, ƙanen mahaifinmu, ya tsaya tsakar gida ya ce: "Ɗan ga ya kashe mu. Wanda ya saba sai Nasara ya buga mai ƙarfe ya tashi, wa za ya tashe shi yanzu? Ku ba shi damina guda, gindin gawo za ku ishe shi, shina dara." Daga ranar ya daina amsa gaisuwarka.

Kuma da farko kamar zai yi gaskiya. Babu malamin lakol, babu ƙararrawa, sai ka kai hantsi kana juyi a tabarma. Da ka ce za ka gyara, sai ka kwaso tsarin lakol ɗungum, har da hutun Alhamis! Wata Alhamis makiyaya suka taso tun daga Sanam da yadinsu, suka tarar da zaure a rufe, wai tela yana hutu. Na zo na same ka, na ce: "Duk littattafan da muka karanta ni da kai, wanne ya ce ɗan ƙasarmu ta Kurfai yana hutun 'yan makaranta?" Ka yi dariya ka ce: "Yaya, bakinki ya fi almakashina."

Washegari ka rataye guntun ƙarfen mota a ƙofar zaure, ka zama mai buga wa kanka. Ka yar da tsarin Nasara, ka ɗora yininka a kan salla. Bayan asuba ka buga ƙarfe ka yi yanka, tun ido na da sanyi. Keke har azahar. La'asar ta aikin hannu ce, ta masu faci, ta tsofaffin da ke kawo tsumma suna jin kunya, ka karɓa da hannu biyu kamar shadda. Jajibirin kasuwa ba ka karɓar sabon aiki, ko na wane ne. Da damina kuwa, gona da safe, keke da yamma. Ka koya wa matarka Haske aikin wuyan riga har ta fi ka.

Babu wanda ya sa ka, babu wanda ya duba ka, kuma ba a taɓa zuwa ranar alkawari aka koma hannu banza ba. Sannu a hankali unguwa duka ta koma bin ƙarfenka. Mata su ce a tafi rijiya, Tahiru ya buga. 'Yan komin da suka raina ka, wandunan da suke taƙama da su a ofis, ɗinkinka ne. Na gan su a maƙabarta, na gane kowane ɗinki.

Kwana uku da binne ka unguwa ta yi tsit, har wasu suka makara. A rana ta huɗu, bayan asuba, sai muka ji ƙarfe. Na fito da gudu. Baba Kailu ne, da sandarsa, yana buga ƙarfenka. Bai dube ni ba. Ya ɗaga murya ta kan danga ya ce: "Haske, ɗiyata, takaba ba ta hana zare ba. A shigo miki da keken ciki. Akwai rigunan mutane da yaron nan ya yi ma alkawali." Sa'annan ya ce, can ƙasa-ƙasa: "Ni ma da shi nika tashi."

Ka ji, Tahiru? Da shi yake tashi! Ban gama yafe masa ba, amma na kai masa fura.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya tashe ka cikin masu cika alkawari. Allah Ya ba Haske da 'ya'yanka, Ibrah da Muna, haƙuri, Ya ba Baba Kailu ƙarfin hannu. Amin.

Yayarka, Balkisu Baƙo