Makullin Baffa a Rijiya

Ina aji uku a sakandare a birnin Sakkwato, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, aka fara koya mana lantarki da maganaɗisu. Malaminmu na kimiyya wani Ba'indiye ne siriri mai tabarau. Har muka rabu bai iya faɗin sunan ko ɗayanmu daidai ba, amma ya iya sa ƙusa ta ɗauki allura. Wata safiya ya naɗa siririyar wayar jan ƙarfe a jikin ƙusa, ya haɗa bakin wayar biyu da batir, sai ga allurai suna tsalle daga kan tebur suna manne mata. Ya cire waya ɗaya, suka zube. Ya ce ƙusar ba ta da ƙarfin kanta, wutar da ke zagaya ta ce ta mai da ita maganaɗisu. A wurin na gane cewa mutanen ƙauyenmu sun daɗe cikin duhu, kuma ni aka ɗora wa nauyin fitar da su.

Da aka ba da hutu na hau babbar mota zuwa Tambuwal, daga can na bi masu jakai zuwa ƙauyenmu a ƙasar Kebbe. Lokacin zafi ne, ana sharar gona. Na shiga gida da farin gajeren wando da littafin kimiyya a hammata, wanda ban yarda na sa shi cikin akwati ba don kada a kasa ganinsa.

Da Goggo na fara, ƙanwar mahaifina wadda take zaune a gidanmu tun rasuwar mijinta. Na same ta tana jiƙa kanwa za ta zuba a miyar sure. Na tsuguna na yi mata bayani cewa tsamin sure wani sinadari ne, kanwa kuma kishiyarsa ce, in suka haɗu kowanne sai ya kashe kaifin ɗan'uwansa. Ta saurare ni har ƙarshe tana juya miya.

"Ashe abin ga da nika yi shekara arba'in yana cikin littafi?" in ji ta. "To in ka koma ka gaya musu kada su cika kanwa, baƙi miyar taka yi."

Na tashi na bar ta. Na ga ba ta nan ya kamata a fara ba.

Dama ta zo mini ranar wata Laraba. Baffa, wan mahaifina kuma mai gidan, yana da akwatin ƙarfe da ya sayo a Kurmi zamanin da yake fataucin goro. A ciki yake ajiye babbar rigarsa ta fita da rawaninsa, ya kulle da kwaɗo, makullin kuma ya rataya a wuya da zare. Da hantsi ya leƙa rijiyar tsakar gida don ya ga inda ruwa ya tsaya, zaren ya tsinke, muka ji ƙaramin sauti can ƙasa. Ranar Juma'a kuwa za a yi sunan jikansa na fari, kuma Baffa ba zai zauna gaban mutane da rigar gona ba. Aka ce a fasa kwaɗon. Ya ce wanda duk ya taɓa kwaɗon nan da guduma sai ya fara da kansa. Aka aika a kira tsohon da ke yasar rijiyoyi, aka tarar ya tafi Fakku, sai gobe.

Na gyara murya na ce, "Baffa, ba sai an jira kowa ba. Zan fito muku da shi kafin la'asar, kuma ba wanda zai jiƙa ƙafarsa."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Da mi?"

"Da lantarki."

Kalmar ta yi masa daɗi, na gani a fuskarsa. Ya ce in faɗi abin da nake bukata.

Maƙerin unguwa ya ba ni wani gajeren ƙarfe mai kaurin babban yatsa. Waya na samo ta daga injin fitilar tsohon keken Baffa, injin da ya daɗe da mutuwa. Na zauna a inuwar rumbu ina warware ta ina naɗawa a jikin ƙarfen, zagaye bayan zagaye, yadda malam ya yi. Saura batir. A ƙauyen gaba ɗaya wuri ɗaya ake samunsa: cikin rediyon mahaifina. Ita ce kaɗai rediyo a unguwar, kuma kullum bayan la'asar dattawa sukan taru a zaurenmu su ji labaran da ake karantowa daga Kaduna, su yi ta gardama a kan abin da 'yan majalisa suka ce kamar da su aka yi zaman. Mahaifina yana gona. Na gaya wa Baffa matsalar.

"Ɗauko," in ji shi. "Ni na riga shi zuwa duniya."

Na ciro batir huɗu na jera su cikin dogon gwangwani, na haɗa wayoyin, na toshe bakin da kakin zuma don kada ruwa ya shiga. Na ɗaure gwangwanin da ƙarfen a igiyar guga, na ƙara ɗan dutse don ya nutse. Kafin in gama, labari ya zaga. Mata sun cika tsakar gida, maza sun tsaya daga bakin zaure suna miƙa wuya. Na gwada abin a kan allurar Goggo, ta yi tsalle ta manne. Aka yi salati. Wata tsohuwa ta ja da baya ta tofa addu'a a ƙirjinta. Ban taɓa jin daɗin rayuwata kamar a wannan lokacin ba. Na yi ɗan jawabi a kan yadda ƙasa ta samu 'yanci kuma lokacin shiga rijiya da ƙafa ya wuce.

Na zura igiya har na ji ta taɓa ƙasa, na yi ta jan ta hagu da dama, sannan na jawo. Ƙusoshi biyu masu tsatsa da guntun zoben guga. Aka yi shewa. Na sake zurawa. Allura, da wani abu da aka yi ta gardama ko bakin lauje ne. A karo na uku na ji nauyi. Na jawo a hankali har abin ya fito haske. Wuƙa ce, ta yi baƙi, an naɗe ƙotarta da jar waya.

Shewar ta tsaya. Ni kaɗai ne a wurin ban san wuƙar ba.

Ashe shekara uku da suka wuce, lokacin ina makaranta, Goggo ta ara wa maƙwabciyarmu wannan wuƙa don yankan kuɓewa. Maƙwabciyar ta ce ta maido, Goggo ta ce ba ta maido ba. Da can aminan juna ne, tare suke daka, tare suke zuwa biki. Tun daga wannan magana ko gaisuwa ba ta haɗa su, sai dai kowace ta yi habaici ta kan katanga. Ga shi maƙwabciyar tana tsaye cikin taron, don abin kallo ya fi ƙarfin gaba.

Ta matso ta dubi wuƙar, ta ɗaga hannu sama. "Jama'a kun gani? A rijiyar wa anka same ta? Shekara ukku ana ce mini ɓarauniya!"

Na yi tsammanin Goggo za ta sunkuyar da kai. Ban san Goggo ba. Ta karɓi wuƙar daga hannuna, ta juya ta, ta ce, "Yawwa. Dama na san ba ɓata ta yi ba. Yanzu sai a gaya mini wanda ya jefa ta."

Abin da ya biyo baya ba zan iya rubuta shi duka ba. An tono maganar wata akuya, da ta wani zane, da ta wani aure da aka fasa tun kafin a haife ni. Sai da Baffa ya daka tsawa ya ce shi makullinsa yake nema, ba tarihin unguwa ba. Mata suka watse gida biyu, kowane da jarumarsa.

Na koma bakin rijiya da 'yan kallo kaɗan. Na zura na jawo, na zura na jawo. Abin da ke fitowa yana ta raguwa, har ya zama ko ƙusa ba ta mannewa. Na lura kakin ya yi laushi, gwangwanin kuma da ɗumi duk da sanyin ruwa. A lokacin na tuna cewa malam yakan cire wayar da zarar ya gama nuna mana. Ni kuwa na haɗa ta na toshe, wuta tana ta gudu tun kafin azahar. Na fasa kakin, na goge batiran da rigata, na mai da su cikin rediyo na rufe, na je na yi alwala da natsuwar da ban saba da ita ba.

Bayan la'asar dattawa suka taru. Mahaifina ya dawo daga gona, ya wanke ƙafa, ya ɗauko rediyo ya murɗa. Ta yi ɗan tari kamar mai jin kunya, ta yi shiru. Ya girgiza ta, ya kara a kunne. Baffa ya duƙufa yana duban carbinsa, ya manta sarai wanda ya riga wani zuwa duniya. Wani dattijo ya taimaka ya ba da labarin duka, har da jawabina.

Mahaifina ba mai faɗa ba ne, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ya kira ni ya ce in zauna.

"Malam," in ji shi, karo na farko da ya kira ni haka. "Jiya da wuta cikin batiran ga. Ina ta tafi?"

Na ce, "Baba, ai ƙarfi ba ya ɓacewa. Haka aka koya mana. Sauya kama kawai yake yi. Sinadaran da ke cikin batir su suka zama lantarki, lantarkin ya zama maganaɗisu, mafi yawansa kuma ya zama zafi."

"Wato yana nan, bai ɓata ba."

"Yana nan, Baba."

"Alhamdu lillahi. To tashi ka tattaro shi ka maida cikin rediyo, mutane na jiran labaru."

Dattawan nan ba su ji labarin Kaduna ba a ranar, amma ban ga wanda ya tashi da wuri ba.

Washegari tsohon mai yasa ya iso, ɗan ƙaramin mutum mai furfura da ƙafafu kamar na zakara. Bai tambayi komai ba. Ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sauka yana taka ramukan jikin rijiyar. Ruwan ya kai masa ƙirji. Muna jin sa yana lalube da yatsun ƙafa yana 'yar waƙarsa. Ba a fi lokacin shan fura ba ya fito da makullin a bakinsa, ya tofa shi a tafin hannun Baffa.

Na dubi makullin. Rawaya ne, yana ƙyalli, ko ɗigon tsatsa babu. Tagulla. Maganaɗisu kuwa baƙin ƙarfe yake ja, ba ya jan tagulla ko da za a haɗa masa batiran Jihar Arewa gaba ɗaya. Wannan tambaya ta fito a jarrabawarmu ta ƙarshen zango, kuma na amsa ta daidai, har malam ya yi mini alamar yabo da jan biro. Makullin nan kuma tun ina rarrafe nake ganinsa yana lilo a wuyan Baffa. Ban faɗa wa kowa ba. Aka tafi a kan cewa lantarki ba ya aiki a ruwan ƙasar Kebbe, ni ma na bar shi a haka.

Ranar Juma'a Baffa ya sha babbar riga da rawani, aka yanka rago. Ni ban ci ko tsoka ɗaya ba, don tun da sassafe mahaifina ya ɗora ni a kan tsohon keken Baffa ya ce in je Tambuwal in sayo batir. Daga baya na ji cewa a wurin sunan aka ga Goggo da maƙwabciya a tabarma ɗaya. Ba su daidaita a kan wanda ya jefa wuƙa ba, har suka mutu ba su daidaita ba. Abin da suka yarda da shi su biyu shi ne boko na lalata yara, kuma wannan ya ishe su komawa daka tare.

Na isa Tambuwal rana ta karkata, rabin hanyar tura keken na yi cikin yashi. Na sami mai tireda a bakin kasuwa na ce ya ba ni batir huɗu. Ya tambaye ni daga ina. Na faɗa masa. Ya tsaya da batiran a hannu.

"Kai ne ɗan makarantar da ya kira wuƙa daga cikin rijiya ta amsa?"

Masu jakai sun riga ni isowa da labarin, kuma a hanya ya yi ƙiba. An ce wuƙar shekara goma ta yi a ruwa, an ce da kanta ta taso. Maganar makulli da ta rediyo ba ta iso ba sam. Na yi niyyar in gyara masa zancen, sai na ga ya tura an kawo mini ruwan sanyi da fura, ya share mini benci da hularsa. Ya ce gatarin mahaifinsa ya faɗa rijiyarsu tun bara, ko zan taimaka. Na shanye furar tukuna. Sannan na tambaye shi, da muryar wanda ya san aikinsa, ko ya tabbata gatarin na baƙin ƙarfe ne.